Florida na shirin sassauta dokar rigakafin 'yan makaranta: in karɓo wa ɗana takardar uzuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a jihar Florida ta Amurka, ina da yaro ɗan shekara 5 da zai shiga makaranta da kuma jaririya 'yar wata 7. Na ji cewa hukumar lafiya ta jihar za ta cire allurai daga sharuɗɗan shiga makaranta, ta kuma sauƙaƙa samun takardar uzurin addini. Wasu mata suna ce mini tunda gwamnati da kanta ta janye, to allurar na da illa, kuma ƙyanda da ƙarambau cutar yarinta ce, gara su fito. Maigidana ya fara karkata ga maganarsu, ni kuwa hankalina ya kasa kwanciya. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma shawarata ita ce ki kammala wa yaron allurarsa, ki bar takardar uzurin inda take.

A ranar 3 ga Satumba 2025 ne babban likitan jihar, Joseph Ladapo, ya tsaya tare da gwamna Ron DeSantis ya sanar da niyyar soke tilascin rigakafi, har ya kwatanta shi da bauta. Sai dai abin da hukumar lafiya take da ikon cirewa da kanta allurai huɗu ne, wato ta ciwon hanta nau'in B, da ta ƙarambau, da ta ƙwayar Hib, da ta ƙwayar nimokokas mai kawo ciwon huhu. Na shan inna, ƙyanda, rubela, hangum, mashaƙo, tarin shiƙa da tetanus a rubuce suke cikin dokar jiha, sai majalisa ce kaɗai za ta iya taɓa su. Ki lura cewa babu wani sabon bincike da aka gabatar a ranar wanda ya gano illa a jikin allura. Hujjar da aka kafa ta 'yancin iyaye ce, wato muhawara ce a kan wanda ke da ikon yanke hukunci, kuma ƙwayar cuta ba ta sauya hali don an sauya takardar shiga aji.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda kusan kullum sai na ji ta a asibiti, wato cewa ƙyanda cutar yarinta ce, gara ta fito yaro ya huta. Mai faɗin haka yana kallon yaran da suka tashi ne, ya manta da waɗanda aka kai makwanci. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa: ƙwayarta takan zauna a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa garkuwa da suka kusance shi kusan 9 za su kamu. Yaro yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su bayyana, lokacin da uwa take ganin mura ce ta shirya shi ta kai shi makaranta. Ƙurajen da ake murnar fitowarsu su ne mafi sauƙin abin da take yi. Tana sauka a huhu, tana kumbura ƙwaƙwalwar kusan yaro 1 cikin 1,000, wasu ta bar su da kurumta ko makanta. Bayan yaro ya warke kuma, an tabbatar tana goge wani ɓangare na garkuwar da jikinsa ya tara a kan wasu cututtuka, shi ya sa za ki ga yaron da ya yi ƙyanda ya shafe watanni daga gudawa sai tari, iyaye suna ta neman dalili a wani wuri. Akwai ma wani ciwon ƙwaƙwalwa da ba kasafai yake zuwa ba, wanda yakan ɓulla shekara 7 zuwa 10 bayan an manta an yi cutar, kuma ba shi da magani. Gaskiya ne wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi, amma allura biyu suna ba da kariya ta kusan kashi 97 cikin 100 ba tare da an jefa yaro cikin wannan haɗari ba.

Kada kuma a ce miki asibitocin Amurka sun fi ƙarfin wannan. An ayyana kawar da ƙyanda daga ƙasar a shekarar 2000, amma a 2025 ta ɓarke a yammacin Texas, a yankin Gaines inda iyaye da yawa suka karɓi takardar uzuri, ta kama mutum fiye da 700 a jihar, yara biyu da ba a yi musu rigakafi ba suka rasu. Su ma waɗanda ake son cirewa a Florida ba na wasa ba ne. Kafin zuwan allurarta, Hib tana kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan 20,000 a kowace shekara a Amurka, yawancinsu da sanƙarau. Ƙarambau da ake rainawa yana kashe mutum 100 zuwa 150 a shekara a Amurka kafin zuwan allurarsa a 1995. Ciwon hanta nau'in B kuwa mu da muka fito daga Najeriya ya fi shafa, domin yana da yawa a cikinmu, mutum yakan ɗauke shi bai sani ba, kuma cikin jarirai 10 da suka kamu 9 sukan rayu da shi har abada.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne masu yaɗa saƙon murya a WhatsApp, waɗanda ba su taɓa tsayuwa a kan yaron da numfashi yake gagara ba, da masu sayar da ganye da sunan wanke jiki daga allura. Zancen cewa allurar ƙyanda tana kawo cutar galahanga (autism) ya samo asali ne daga rubutun Andrew Wakefield na 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisin aikin likita. Binciken da aka yi a Denmark a kan yara fiye da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Mu kuma mun riga mun ɗanɗana kuɗar jita-jita, domin lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa zargin hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin yau magidanta ne.

Game da takardar uzurin addini, wadda ake kira DH 681, mai sa hannu a kanta yana shaida ne cewa rigakafi ya saɓa wa addininsa. Ki tambayi kanki, ke da maigidanki, ko haka ne a gaskiya, alhali neman magani da kare rai abu ne da addininmu ya yi umarni da shi. Uzurin lafiya daban yake, na yaron da ake yi wa maganin ciwon daji ne ko wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bore ga allura, kuma likita ne yake rubuta shi. Irin waɗannan yara da jaririyarki, wadda ba ta kai shekarar karɓar allurar ƙyanda ba, kariyarsu tana hannun sauran yara, kuma sai kashi 95 cikin 100 sun yi rigakafi take riƙewa. Adadin 'yan ajin farko na Florida da suka yi rigakafi ya riga ya faɗi ƙasa da kashi 90. Idan wanta ya ɗauko cutar a aji, a kanta zai sauke.

Ki tafi da maigidanki wurin likitan yaran domin ya yi tambayoyinsa da bakinsa, a duba ko yaron ya karɓi allurar ƙyanda ta biyu da ake yi tsakanin shekara 4 zuwa 6, a ba ku takardar DH 680, wato shaidar rigakafi ta makaranta. Idan kuna shirin zuwa gida da jaririyar, ki faɗa wa likitan tun da wuri, domin ana yi wa 'yan wata 6 zuwa 11 allurar ƙyanda ta musamman kafin tafiya ƙasar waje, sannan a sake yi mata guda biyu na ƙa'ida bayan ta cika shekara.