Dalilin da ya sa fararen ƙwayoyin jini ke ƙaruwa bayan shan prednisolone

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko hauhawar fararen ƙwayoyin jininka bayan ka fara shan prednisolone, wato maganin rage kumburi, alama ce ta kamuwa da wata cuta. Sau da yawa maganin ne da kansa yake jawo hakan. A lafiyayyen babba, adadin yakan kasance tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikrolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jini, kuma mafi yawansu nau'in niyutrofil ne. Kusan rabin niyutrofil ɗin suna manne a bangon jijiyoyin jini, inda gwaji ba ya ƙirga su, to wannan magani da danginsa irin su dexamethasone sukan sa su saki bangon su bi jini, sannan ɓargo ya ƙara sako wasu, tsofaffin kuma su jinkirta mutuwa. Limfosait da iyosinofil kuwa, waɗanda su ma nau'o'in fararen ƙwayoyin jini ne, raguwa suke yi cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya ɗauka garkuwar jikinsa ta ƙara ƙarfi, alhali ƙwayoyin ba sa isa wurin da cuta take yadda ya kamata, maganin kuma yana iya ɓoye zazzaɓi. Ka nuna wa likitanka sakamakon, kuma kada ka daina shan maganin farat ɗaya idan ka daɗe a kansa.