Baƙin gilashi: in liƙa da kaina ko in kai wa masu sana'ar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Na sayi Corolla 'yar Kwatano a watan jiya. Idan na ɗauko yara daga makaranta da azahar, cikin motar kamar tanda. Na ga ana sayar da ledar baƙin gilashi a naɗe, na kuma kalli yadda ake liƙa ta a YouTube, ban ga wani abin wuya ba. Mai liƙawa kuwa ya yanka mini kuɗin da ya ba ni tsoro. In yi abina da kaina?
Daga wani malamin makaranta, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a kashe lafiya.

Ni ma na taɓa yin irin wannan lissafin naka. Wata Asabar cikin hunturu na shimfiɗa leda a kan tabarma a ƙofar gida, na haɗa ruwan sabulu a gora, na ɗauko reza. Gilasan ƙofofi huɗu sun ba ni haɗin kai, har maƙwabta suka fara cewa ashe na iya. Da na zo kan gilashin baya sai ido ya raina fata. Na lalata leda har sau biyu, daga ƙarshe na tuƙa motar zuwa wurin yaron da na ƙi biya da farko, ya dube ni ya yi murmushi bai ce komai ba.

Ga dalili. Gilashin ƙofa lanƙwasarsa kaɗan ce, kuma kusan ta fuska ɗaya take, shi ya sa leda ke kwanciya a kansa ba gardama. Gilashin baya kuwa ya lanƙwashe daga sama zuwa ƙasa, ya kuma lanƙwashe daga hagu zuwa dama, kamar bayan ƙwarya. Ɗauki takarda ka ce za ka lulluɓe ƙwarya da ita ba tare da ta tattare ba, ka gani. Abin da gwani ke yi shi ne ya fara ɗora ledar ta waje, ya riƙa bin ta da na'urar hura iska mai zafi, yana lallaɓa ta da hannu har ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin. Sai ya yanke gefe, ya ɓare fatar da ke rufe da gam, ya kai ta ciki ya liƙa a kan jiƙaƙƙen gilashi, ya matse ruwan da roba. Idan zafin ya yi yawa ledar ta ƙone, idan bai isa ba ta ƙi kwanciya. Wannan hannu ne ke koyonsa, ido ba ya ɗauka daga waya. A bidiyon da ka kalla an yanke wurin da mutumin ya yi gumi.

Akwai kuma siraran layukan nan da ke kwance a jikin gilashin baya ta ciki. Wayoyi ne masu ɗumama gilashi su kore raɓa, a wasu motocin ma har eriyar rediyo tana nan. Reza ta ratsa ɗaya, wannan layin ya mutu.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar aikin a ƙasarmu. Da zarar ka ɓare fatar gam, duk ƙwayar da ke yawo a iska wurin za ta nufa. Kumburin da ruwa ya bari a ƙarƙashin leda yakan bushe da kansa cikin kwanaki. Wanda ƙura ta haifar kuwa yana nan har ka sayar da motar. Saboda haka ba kowane mai cewa sana'arsa ce zan tura ka wurinsa ba. Wanda ke liƙawa a gindin dalbejiya a bakin titi, tireloli na wucewa suna tayar da ƙasa, bai fi ka da komai ba sai saurin hannu. Nemi mai rufaffen shago wanda ke yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya fara. Ka ce ya nuna maka motar da ya gama, ka duba kusurwoyin gilashin baya da saman gilashin ƙofa. Idan ka ga ya yanka ledar baya gida uku ya jera, bai iya tsuke ta ba ke nan.

Amma ka ce zafi ne damuwarka, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Ana ɗauka cewa mafi duhu shi ne mafi sanyi. Lambar da ake rubutawa a jikin leda, 5 ko 20 ko 35 ko 50 ko 70, tana nufin kason hasken da ke ratsa ta ne cikin ɗari. Ba ta faɗar yawan zafin da take tarewa. Leda mai araha rini kawai aka yi mata: tana sa duhu, tana tare zafi kaɗan, kuma rana irin ta Gusau ba ta daɗewa take koɗar da ita. Akwai mai ƙarfe-ƙarfe a ciki, mai ƙyalli kamar madubi, tana korar zafi sosai amma takan rage ƙarfin sabis na waya da na rediyo. Akwai kuma ta siramik, irin wadda kamfanoni kamar 3M da LLumar ke yi. Ita ce mai tsada, sai dai ko mai haske ce, lamba 50 ko 70, tana iya fin baƙa ƙirin mai araha tare zafi. Ni da zan zaɓa wa mai ɗaukar yara, wannan zan zaɓa. Lamba 5 kuwa ka bar wa masu son a ce wane ne a ciki. Ranar da za ka yi ribas da daddare a lungun da ba fitila, ɗan acaɓa a bayanka, za ka sauke gilashi dole.

Kada ka manta da hukuma. Tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilashi a Najeriya sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da izinin. A 2025, zamanin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, aka dawo da shi ta POSSAP, shafin intanet na 'yan sanda da ake neman izinin, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta kai maganar kotu, aka yi ta ɗage ranar fara kame. Maganar ta sha sauyawa, don haka ka tambayi inda aka kwana kafin ka kashe ko sisi. Abin takaici ne ka biya a liƙa, a shingen farko a sa ka ɓare da farcenka.

In hannunka na ƙaiƙayi, gwada a ƙananan gilasan ƙofar baya, da sassafe, cikin rufaffen gareji, ba cikin hunturu ba. Gilashin baya kai wa masu shi. Ko wane ne ya liƙa, kada a sauke gilashi har kwana uku, kuma ka ja wa yaran kunne, don su ne za su fara danna maɓallin.

TAMBAYA: Baƙin gilashin motata ya koma ruwan makuba, ya yi ƙuraje ko'ina. Ana iya gyara shi?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kaduna.

AMSA: Hajiya, wannan ya gama aiki. Rinin ya ƙone, gam ɗin ya saki, kuma huda ƙurajen da allura ba ya mayar da shi. Sai dai a cire. Kada a bari wani ya hau gilashin baya da reza saboda layukan da na ambata a sama. A sa masa tururi, ko a jiƙa shi da ruwan sabulu ta ciki a manna baƙar ledar cefane a kai, a bar motar a rana na ɗan lokaci har gam ɗin ya yi laushi, sannan a ja a hankali daga kusurwa. Idan an sa sabo, a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, a guji ruwan wanke gilashi mai amoniya.