Ambaliya da Adalcin Ubangiji

Tambaya: Malam, ambaliyar 2020 ta rushe mana gida a Mai Wurno, har buhunan dawa ta tafi da su. Ɗana ya ce Turawa ma sun taɓa gardama kan adalcin Allah bayan irin wannan masifa. Haka ne?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Haka ne. A 1710 masanin falsafa Bajamushe Leibniz ya rubuta cewa Allah ya zaɓi mafificiyar duniyar da za ta yiwu, wadda ke tafiya bisa tsari. Imam Ghazali ya riga shi faɗin kusan haka.

Sai ga girgizar ƙasa a Lisbon, babban birnin Portugal, ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, majami'u cike da masu ibada. Dubbai suka mutu. Marubucin Faransa Voltaire ya ƙalubalanci ra'ayin Leibniz, ya tambaya: wane laifi jarirai suka yi? Wani masanin falsafa, Rousseau, ya amsa masa cewa mutane ne suka cunkushe kansu a gidaje masu hawa shida da bakwai.

Ni dai na fi karkata ga Rousseau, domin ya bar mana namu alhakin. Amma ko shi bai share wa uwar da ta rasa jaririnta hawaye ba, wannan kuwa yana damuna har yau.