Taragon da ke cijewa a kwana

Ka ce taragon fasinjan ƙaramin jirgin ƙasan wasan nan naka yana tafiya lafiya a miƙaƙƙen dogo, amma da ya shiga kwana sai ya cije, kana tambaya ko ka ɗiga masa mai. Ajiye man nan, yarona. Mai ƙura kawai zai tara maka, balle da hunturun Kumasi.

Fara auna kwanar. Wannan jirgin samfurin HO ne, kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, tsakanin dogayensa milimita 16.5. Kwanar dogon da aka saba sakowa a kwalin jirgin inci 18 ce daga tsakiyar da'ira. Gajeren taragon kaya ba ruwansa da ita. Amma na fasinja mai tsawon kusan inci 12 yana son inci 24 ko fiye. Kamar a ce tirela ta juya a lungun unguwar Aboabo ne.

In kwanar ta isa, cire kan jirgin, ka tura taragon shi kaɗai da yatsa, a hankali. Inda ya tsaya, sa alama da alli, ka sunkuya ka leƙa ƙasansa. Tayoyin suna kan 'yar kujera mai juyawa, ɗaya gaba, ɗaya baya, kuma galibi nan matsalar take. Ko dai an ɗaure sukurun tamau, ko kujerar tana bugun matakala ko akwatin ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago in ta juya. Za ka ga wurin ya ɗan goge yana sheƙi. Kujera ɗaya ta riƙa juyawa ba tangaɗi, ɗayar ka sassauta ta har ta ɗan yi rawa, don ta bi tudu da kwarin dogo. Ku yaran yanzu, komai sai kun ɗaure shi kamar notin tayar mota. Kada ka kai magagari sai ka ga shaidar gugar da idonka, domin robar da ka ci ba ta dawowa.

Sannan ƙugiya. Wadda aka kafa a jikin tarago tana fita waje a kwana, ta ja na bayanta gefe. Taɓa ta ka ga ko tana lilo hagu da dama.

In taragu duka a wuri ɗaya suke cijewa, laifin dogo ne. Duba mahaɗa, ko ta yi gwiwa. Katakon da muke kafa dogo a kai yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, ya ja layin. Kwanar hagu kuwa kada ta faɗa ta dama kai tsaye. Sa miƙaƙƙe tsakani, tsawon taragonka mafi tsawo.

Nauyi ma da ƙa'idarsa a HO: oza 1, sai rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Tarago mai inci 6 oza 4 ke nan, wajen giram 113. Marar nauyi kada ka sa shi gaban masu nauyi, kwana za ta fizge shi ciki.

Ɗauko ƙaramin sukurudireba, ka fara da kujerar baya.