Ƙatuwar salamanda ta ƙoramun duwatsun Sin

Ɗan uwa, ka tambaya ko wannan ƙatuwar dabba mai faffaɗan kai da ka gani a hoto ƙadangare ce ko kifi, kuma a ina take zama. Ko ɗaya ba ita ba ce, dangin kwaɗo ce. Masana sun sa ta a ajin Amphibia, rukunin Caudata na masu wutsiya, iyalin Cryptobranchidae. Sunanta na kimiyya Andrias davidianus, an raɗa shi a 1871 don tunawa da Armand David, limamin Kirista ɗan Faransa da ya yi binciken dabbobi a ƙasar Sin.

Mazauninta ƙoramu masu sanyi da gudu a duwatsun Sin, waɗanda ke zuba cikin kogunan Yangtze, Huang He da Zhujiang. Tsawonta na iya kai mita 1.8. Ka dubi gefen jikinta da kyau, za ka ga fatar ta yi naɗe-naɗe kamar tsohon bargo. Ta nan take shan iska daga ruwa, shi ya sa gurɓataccen ruwa ke kashe ta. Sinawa na ce mata "kifin jariri" saboda kukanta.

Cikin 'yan uwanta akwai Andrias japonicus a Japan da Cryptobranchus alleganiensis a gabashin Amurka. A 2019 an ware ta kudancin Sin a matsayin nau'i na daban da sunan Andrias sligoi.

Abin da ke damuna, farauta don nama da gina madatsun ruwa sun kusa ƙarar da ita a daji, har IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin masu gab da ɓacewa.