Masara Ba 'Yar Masar Ba Ce, Dankalin Turawa Ma Ba Na Turawa Ba Ne

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, an ce mana kalmar "masara" daga "Masar" ta fito. Ke nan Misirawa ne suka fara noma ta?

'Yata, rabin maganar gaskiya ne. Masana da dama sun tafi a kan cewa sunan daga Masar yake, kamar a ce dawar Masar, aka gutsure ya zama masara. Turkawa ma da sunan Masar suke kiran wannan hatsi. Sai dai sunan kaya yakan bi wanda ya miƙo shi, ko da ba shi ya shuka ba. Fir'aunoni ba su taɓa ganin goyon masara ba, domin ba ta ƙetare tekun Atilantika ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492.

Mahaifarta kwarin kogin Balsas ne a kudancin Meziko. A nan, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, manoma suka fara zaɓen iri daga wata ciyawa mai suna teyosinte, wadda zangarniyarta ba ta kai tsawon yatsa ba, ƙwayoyinta 'yan kaɗan a cikin ɓawo mai tauri. Da wannan hatsi tsoffin al'ummomin yankin, wato Olmek da Maya da Aztek, suka ciyar da biranensu, har da Tenoctitilan, birnin Aztek da aka kafa a tsakiyar tafki a 1325. Gona ɗaya suke haɗa masara da wake da kabewa: waken ya hau karan masara ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa da bushewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suke dafa ta. Mu muna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to su kusan hakan suka yi a zahiri. Sukan ƙona dutsen farar ƙasa ya zama gari, a jiƙa shi, a zuba a tukunyar masara. Inda babu dutsen sai a yi da toka. A ma'aunin yau, kilo ɗaya na masara yana ɗaukar giram 10 na garin da lita 2 zuwa 3 na ruwa. A tafasa da ƙaramar wuta rabin awa zuwa awa ɗaya, har idan an murza ƙwaya tsakanin yatsu fatarta ta saɓule amma cikinta bai nuna duka ba. A sauke a bar ta ta kwana a ruwan. Da safe a wanke sau biyu ko uku, a niƙa a dutsen niƙa tana jiƙe, a yi waina mai faɗi a kan kasko. In garin ya yi yawa, ƙullun ya yi rawaya da ɗaci. In ya yi kaɗan, fatar ta ƙi fita. In kuma aka zarce da dahuwa, ƙullun ya riƙa manne wa hannu.

Babban amfanin wahalar nan shi ne, bitamin B3 da ke cikin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya ɗaukarsa sai an kwance shi da irin wannan dahuwa. Turawa sun ɗauki irin sun bar dabarar. Talakawan Sifen da arewacin Italiya da suka mayar da masara abincin safe da dare sai cutar felagira ta kama su: fata ta yi kaushi ta tsage a inda rana ke bugu, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Likita Gaspar Casal ya bayyana cutar a Sifen a 1735.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Mene ne ma'anar "kallon kitse ake yi wa rogo", kuma tsohon karin magana ne?

Malam, ma'anar a fili take ga wanda ya taɓa ɓare rogo. Fari ne fat, daga nesa sai ka rantse kitse ne, sai ka gutsura ka ji gari. Ana faɗinsa idan an ɗauki mutum ko abu da darajar da ba shi da ita, kamar wanda ake yi wa zaton dukiya saboda babbar riga alhali bashi ya yi masa katutu.

Batun tsufa kuwa, karin magana ba ya girme wa abin da ya ambata. Rogo ɗan kudancin dajin Amazon ne da ke Kudancin Amurka, Fotugawa suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, kuma ya daɗe a bakin teku kafin ya hauro arewa. Saboda haka wannan magana ƙanwa ce ga karin maganar gero da dawa.

Mutanen Amazon sun san rogo mai ɗaci yana da guba, kuma su suka gano makarinta. A ɓare, a goga a allo mai ƙananan duwatsu, a ɗura a wani dogon saƙaƙƙen bututu da suke kira tipiti, a rataye shi a ja ƙasansa da sanda har ruwan ya tsiyaye, a bar shi ya kwana, a soya a kaskon ƙasa. Ruwan ma ba sa zubarwa, tafasa shi suke yi sosai har gubar ta bi tururi, su yi miya da shi. Garin kwaki jikan wannan aiki ne. Haɗarin yana cikin gaggawa: lokacin fari guba takan ƙaru a saiwar, yunwa kuma ta sa a taƙaita jiƙo da shanya. Haka aka samu annobar shanyewar ƙafafu a arewacin Mozambik a 1981.

Tambaya daga Kumasi: Me ya sa ake cewa dankalin Turawa da dankalin Hausa?

Duka biyun baƙi ne daga nahiyar Amurka. Mai zaƙin ya riga zuwa har ya zama ɗan gida, shi ya sa muka ba shi sunanmu. Ɗayan kuwa a hannun Turawa muka gan shi, amma asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen tafkin Titikaka mai tudun mita 3,800. A watannin Yuni da Yuli mutanen can sukan baza shi a fili ya daskare da dare kamar kwana uku, su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar. Wannan busasshen dankali yana shekaru bai lalace ba, kuma da shi daular Inka take cika rumbunanta na gefen hanya domin sojoji da shekarar yunwa. Son sanyin da ya gado daga can ne ya sa a Najeriya ya fi yin kyau a tudun Jos.