Shafin Manazarta Ba Wurin Gaggawa Ba Ne

Ka tambaye ni: "Maigida, tun da ɗalibi ne ya rubuto kundinsa, mu namu bugawa ne kawai, me ya sa kake sa ni bin sunayen da ke cikin babi ɗaya bayan ɗaya ina neman su a manazarta?"

Zauna ka ji. Idan ɗalibi ya rubuta "Yahaya (1988)" a babi na biyu, alkawari ya ɗaukar wa mai karatu cewa in ya juya ƙarshen kundi zai tarar da cikakken bayanin littafin. In ba a same shi can ba, ko aka tarar da 1998, malamin da ke duba aikin zai maido shi da jan biro, ɗalibi ya sake biyan kuɗin takarda da ɗinki, kuma sunan shagonmu zai ambata. Don haka duk sunan da ke ciki sai ya fito a manazarta, wanda ke manazarta kuma sai an ambace shi a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara da ka. In ka ga shekara biyu sun saɓa, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Ba ka riƙe littafin ba, ba ka san wadda ce daidai ba. Ka sa alama, ka kira mai aikin ya duba bangon ciki na littafin. Littafi ɗaya kan fito sau biyu: ƙamus ɗin Hausa na Abraham ya fito a 1949, aka sake shi a 1962, kuma ɗalibi ne kaɗai ya san wanda ya karanta. Shekarar da ka ƙirƙira za ta zauna a laburare, wani ya zo ya kwafe ta, shi ma wani ya kwafa daga gare shi.

Sai sunaye. Ana farawa da sunan ƙarshe ko da sunan gari ne: Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M., ya shiga layin G. Farfesa, Dokta, Alhaji duk ba sa shiga. A abacadar Hausa Ɗ na bin D, Ƙ na bin K, kuma in ka bar wa kwamfuta jerawa ba kullum take ajiye su wurinsu ba, sai ka bi da ido. Marubuci ɗaya mai aiki biyu a shekara guda, a sa 2008a da 2008b, a cikin babi da kuma a manazarta.

Kafin ka taɓa komai, tambayi tsarin da sashensu ke bi. Da yawa APA suke bi, wato wani tsarin rubuta manazarta daga Amurka, amma bugunsa na bakwai da ya fito a 2019 ya cire sunan garin maɗaba'a, yayin da na shida ke son a rubuta Zariya kafin sunan maɗaba'ar NNPC. Hira da mutane ma APA ba ya sa ta a manazarta, sai dai sassan Hausa da dama na ware mata shafinta. Abin da sashe ya ce shi za ka bi.

Layi na biyu na kowane suna a manazarta yana shiga ciki rabin inci. Daina tura shi da maɓallin tazara; zaɓi jerin duka a Word ka danna Ctrl da T. Ɗauko kundin nan na kan tebur, mu fara daga babi na ɗaya.